Ƙofar da Ban Tambaya Ba

Ni mai surutu ce, kowa a unguwarmu ta Dutsin-Ma ya san haka. Ko kazar maƙwabta ce ta shigo tsakar gidana sai na tambaye ta lafiyar mutanen gidansu. Innarmu, Allah ya jiƙanta, takan ce bakina ne ya fara isowa duniya, sauran jiki ya biyo baya. Amma sau ɗaya a rayuwata na ga abin faɗa na yi shiru. Labarin wannan shirun nake so in bayar, tunda waɗanda abin ya shafa duk sun riga ni tafiya, sai ɗiya ɗaya da na goya.

Maigidana mai zanen gini ne. A lokacin nan, 'yan shekaru kafin Turawa su tattara su tafi, ba kowa ya san akwai irin wannan sana'a ba. In na gaya wa mata aikin Malam, sai su ce, "Au, magini ne?" In ce a'a, mahaifinsa ne magini, shi a takarda yake yi. Sai su dube ni da tausayi, kamar na ce musu mijina yana noman gero a kan faifai.

A ma'aikatar ayyuka yake. Ajujuwan makaranta, kotun alƙali, ɗakin shan magani, gidan malamai, duk abin da hukuma za ta gina tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi sai ya bi ta hannunsa. Da fari ba shi ke ƙirƙira ba. Zane yakan zo daga Katsina, shi ya kwafa, ya hau kekensa ya je ya auna fili, ya kafa turaku, ya ja igiya, ya tsaya a kan birkiloli har a ɗora kwano. Yana da wani dogon gwangwani da yake naɗe takardun a ciki, ya rataya a baya kamar kwari da baka. Tun daga bakin lungu nakan gane dawowarsa, don murfin gwangwanin yana da wata 'yar ƙara in keke ya faɗa rami.

Ni kuwa ba na zuwa ko'ina, kuma ban damu ba. Allo na yi kaɗan, sai daga baya na zauna ajin manya na koyi wannan rubutu da kuke gani duk a karkace. Amma zanen gini na iya karanta shi tun kafin in iya karanta sunana. Bayan la'asar Malam yakan shimfiɗa takarda a kan tabarma, ya danne kusurwoyinta da kwanonina, ya kira ni. Shi ya nuna mini cewa layi mai kauri bango ne, siririn layi biyu taga ce, inda layi ya yanke kuma ƙofa ce. Sai in ɗora yatsa a bakin hanya in taho a hankali har bakin ƙofar, in ce, "Salamu alaikum." Shi kuma ya gyara murya ya ce, "Wa alaikumus salam, shigo, masu gida na nan." In shiga in bi ɗaki ɗaki ina tambaya.

Wasa ne, amma yakan yi amfani. Da zai yi ajujuwan makarantar Makera na ce masa, "To ina randar ruwan yara za ta zauna? A rana?" Ya ƙara wani ɗan lungu a inuwa. Da aka zo kan wata kotu na ce, "Matar da ta kawo ƙarar mijinta, a gefen mijin za ta zauna jira?" Ya yi dariya har ya kwanta, amma washegari sai ga wani ɗan dakali ya fito a bayan katanga. Yakan ce idona ya fi rularsa. Nakan ce ba ido ba ne, zaman gida ne, wanda ya daɗe a cikin ɗaki ya fi sanin inda yake matse mutum.

Mutum biyu ne ba su ɗauki aikin Malam da daraja ba. Ta farko ƙanwata, wadda na riƙe tun rasuwar innarmu har na aurar da ita wani gari a ƙasar Kurfi, gaba da Wurma kaɗan. Ba zan faɗi sunan garin ba. Ita nata wasa ne, irin na ƙanwar mata da mijin yaya. In ta zo ganin gida takan tsaya a kansa ta riƙe ƙugu ta ce, "Malam mai fensir, yau gida nawa ka gina? Ka ba ni ɗaya in naɗe in tafi da shi a lefe." Ya ce, "Ke wane ɗaki zai ɗauke ki? Ko rumbu aka saka ki sai surutunki ya tsaga shi." Tana da wushirya, in ta yi magana da sauri iska na ɗan fita ta tsakanin haƙoranta. Ina jin wannan 'yar iskar har gobe.

Na biyun surukina ne, Baba, kuma nasa ba wasa ba ne. Tsohon magini ne na ƙasa da azara, tafin hannunsa duk ya tsattsage kamar bakin tafki da rani. Rabin sorayen manyan garinmu shi ya ɗaura musu bakan gizo, wato wannan lanƙwasar da ke riƙe rufin soro ba tare da ginshiƙi ba. Ya so ɗansa ya gaje shi, boko ya ɗauke shi. Yakan ce, "Gini da fensir? Tau, in ruwa ya zo sai ka tare shi da takarda." Bai taɓa yarda ya dubi zanen Malam ba ko sau ɗaya. In ya tarar an shimfiɗa, sai ya kewaye kamar an zubar da ruwan wanki. Ni kuwa tsakanina da shi sai gaisuwa a durƙushe. Duk surutun nan nawa, Baba bai taɓa jin muryata ta wuce "ina kwana" ba.

Ana nan sai aka ba Malam aikin da ya daɗe yana jira. Aka ce wannan karon ba kwafa zai yi ba, shi zai zana da kansa tun daga tushe: ɗakin shan magani haɗe da ɗakin haihuwa, kuma a garin da ƙanwata ke aure. Ya yi makonni a kansa, yana gogewa yana sakewa, har abinci sai na yi faɗa yake ci. Ran da ya gama ya shimfiɗa, ya danne da kwanoni, ya ce, "Zo ki yi sallama."

Na durƙusa na ɗora yatsa. Ga baranda a gaba mai lanƙwasa uku, irin ta bakan gizo amma da siminti. Na yi sallama, ya amsa. Na shiga wurin jira, na wuce ɗakin magani, na isa ɗakin haihuwa can ciki. Na ce, "Ina kasuwa take a nan?" Ya nuna mini. Ya ce da gangan ya sa barandar ta fuskanci kasuwa, don kowa ya ga wurin ya saba da shi.

Na san kasuwar nan, na kai amarya garin. Akwai wata babbar tsamiya a bakinta inda dattawan gari ke wuni, ga rumfar mahauta a gefe. Wato duk matar da za ta shiga ɗakin haihuwa sai ta ratsa gabansu, da cikinta, da naƙudarta. Na janye yatsa na fito waje, na zagaya baya, na bi layin bangon tun daga wannan kusurwa har waccan. Layin bai yanke ba ko'ina.

Na buɗe baki na ce, "Malam..."

Sai ga sallamar Baba daga zaure. Ya zo duba indararonmu da ke zuba. Na ja mayafi na faɗa ɗaki, na tsaya bayan asabari. Na ji takunsa ya taho, ina jira in ji ya kewaye kamar kullum. Sai takun ya tsaya. Na ji ƙarar gwiwoyinsa da ya tsuguna. Sai na ji ya ce:

"Wannan bakan gizo ne?"

"Shi ne, Baba."

"Wa ya nuna maka?"

"Kai, Baba. A soron da ka yi ina ɗan yaro ina miƙa maka ƙasa."

Sannan tsohon ya ce, "Tau. Zai tsayu." Ya miƙe ya fita, ya manta da indararon ma.

Da na fito na tarar Malam yana naɗe takardar, don ɗoki har ta ƙi shiga gwangwanin. Mutum mai furfura a gemu, amma fuskarsa kamar yaron da aka ɗinka wa rigar salla. Ya ce, "Kin ji? Kin ji abin da ya ce?" Na ce na ji. Ya ce, "Af, me za ki ce ɗazu?"

Na dube shi. Na ce, "Ba komai. Allah ya sa albarka."

A raina na ce gobe na gaya masa, bari ya kwana da daɗinsa. Gobe da sassafe takarda ta hau mota zuwa Katsina. Ta dawo da hatimi, kuma abin da ya sha hatimi ba a taɓa shi. Na ce to bari a fara gini in yi magana. Aka fara, na ce ai yanzu an makara. Na riƙa lallashin kaina cewa ƙila matan can ba su kai mu kunya ba, ƙila tsamiyar ba ta kai kusan da nake tunani ba. Haka aka ɗora kwano, aka shafa farar ƙasa, aka yi bikin buɗewa.

Shekarar da ta biyo ƙanwata ta sami ciki, na fari. A al'ada in wata bakwai ya cika sai ta dawo gida goyon ciki, kuma gidana ne gidansu. Ni da bakina na hana. Na aika mata cewa ta yi zamanta, ga ɗakin haihuwa sabo a bakin ƙofarta, na mijin yayarta kuwa, ni zan zo in zauna da ita. Alfahari nake yi da shi, har na manta abin da yatsata ta gani. Ko kuwa ban manta ba, na tura shi ƙarƙashin gado ne.

Malam ne ya raka ni. Da ta fito gaishe shi ta lulluɓe har ƙasa, don cikin fari ba a maganarsa, ba a nuna an gan shi ma. Amma bakin nan bai mutu ba. Ta ce, "Malam mai fensir, na ga farin ɗakinka. Ashe takarda na zama gini." Ya ce, "Kin shiga kin gani?" Ta ce, "Ni me zai kai ni? Lafiyata ƙalau. Sai dai in kai ne za ka kwanta a auna ka." Ya hau keke yana dariya. Rabuwarsu ke nan.

Naƙuda ta zo tsakiyar damina, gero ya fi mutum tsawo, rafin da ke kan hanyar Kurfi ya cika ba mota. Ta kwana biyu tana fama. Ungozomar unguwa, wata tsohuwar Bafillatana, ta yi duk abin da ta sani, an sha rubutu, an yi turare. Rana ta uku bayan azahar ta jawo ni gefe ta ce, "Wannan ya fi ƙarfina. Ku kai ta wurin 'yar asibiti." Ranar kuwa kasuwa ke ci.

Muka riƙo ta ni da tsohuwar, muka bi ta bayan gidaje, ta cikin gonar gero, tana tafiya tana tsayawa. Muka ɓullo daidai bayan ginin. Ta dafa kusurwa ta leƙa. Ni ma na leƙa. Tsamiyar tana nan inda na san ta, ba ta fi taki ashirin daga barandar ba. Surukinta na zaune a tsakiyar dattawa a kan buzu, ga yayyen mijinta biyu, ga mahauta da masu sayen nama, duk fuskokinsu na kallon ƙofar.

Ta dawo ta jingina da bango, ta zame ta zauna. Ta ɗago ta dube ni, gumi na bin girarta, ta ce, "Yaya, ba wata ƙofa?"

Na san amsar tun tana takarda. Duk da haka na tashi na bi bangon da tafin hannu tun daga wannan kusurwa har waccan, kamar yadda na bi shi da yatsa a kan tabarma. Siminti ne santsi, sai wata taga can sama da ko hannu ba ya kaiwa.

Na rufe fuska na ratsa gaban mazan na shiga. Ungozomar asibitin wata yarinya ce 'yar Zariya, ba ta daɗe da zuwa ba. Ta biyo ni da sauri, ta durƙusa ta duba, fuskarta ta canja. Ta ce, "A shiga da ita yanzu yanzu. Gado da kayan aikina na ciki, a nan ba abin da zan iya."

Ƙanwata ta girgiza kai.

Na ce, "Bari in je in roƙe su su tashi."

Ta damƙe wuyan hannuna, har yau ina jin wurin. Ta ce, "Ki ce musu me? Ki ce wa baban mijina ya tashi zan wuce in haihu? Wallahi Yaya sai dai ki shigar da gawata." Ta numfasa. "Bari a kira la'asar. Za su tashi da kansu."

Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce me ya hana mu ɗauke ta da ƙarfi. Na tambayi kaina wannan fiye da yadda kowa zai tambaye ni. Mu uku ne a kanta, manya, kowaccenmu ta roƙe ta, kuma kowaccenmu a ranta ta san da ita ce haka za ta yi. Muka zauna jiran ladan.

Allah ya ba ni kunne, ranar na so a ce bai ba ni ba. Ina jin wuƙar mahauci a kan gungume. Ina jin wani yana rantsuwa a kan kuɗin akuya. Ina jin dariyar surukinta, mutumin kirki ne, bai san komai ba. Ta cikin tagar nan ta sama ina jin tukunyar da 'yar Zariya ta ɗora kayan aikinta tana tafasa, ƙarafa na bugun juna a hankali. A gefena kuma numfashin ƙanwata, yana fita ta wushiryarta. Ba ta yi kuka ba ko sau ɗaya, ba a kuka a haihuwar fari. Inuwar bangon ta taso daga ƙafafunmu ta kai bakin gero.

Da ladan ya ɗaga murya na ji ana kakkaɓe buzaye, butoci na ƙara, takalma na nisa. Muka ɗauke ta cak, don ta daina iya taka ƙasa. Ta haifi ɗiya mace da ranta. Jini ya ƙi tsayawa. Kafin rana ta faɗi ta cika.

Da aka gama wankan gawa na tare 'yar Zariya na ce ta gaya mini tsakaninta da Allah, da mun shigo tun azahar fa? Ta ce, "Ban sani ba. Ƙila da haka ɗin zai faru. Ban sani ba." Kowa ya ce ajali ne, kuma na yi imani ajali ne. Amma wannan "ban sani ba" ita na ɗauko tare da jaririyar na dawo Dutsin-Ma.

Malam ya yi kuka kamar ƙanwarsa ta ciki ɗaya. Ran sadakar bakwai ya ce mini, don ya sanyaya mini rai, "Alhamdu lillahi da akwai ɗakin. Ko ba komai an ceci ɗiyar, kuma a kan gado ta cika, ba a ƙasa ba." Na ce haka ne. Ya ɗauka tun da wuri muka kai ta, ban gyara masa ba.

Na daina yi wa zanensa sallama, na ce idona ke ciwo. Surutu kuwa ban daina ba, na ma ƙara, don in na yi shiru sai in ji muryar ƙanwata. Ba mafarki nake nufi ba. Da rana tsaka, ina daka, tsakanin saukar taɓarya da ɗagawarta, sai in ji, "Yaya, ba wata ƙofa?" da 'yar iskar nan a ciki. In ina jan guga in ji ta. In ina goye da ɗiyar, ta yi ajiyar zuciya a bayana, in ji ta. Ba da fushi take tambaya ba, da ma da fushi ne.

Ɗiyar ta fara tafiya, an sami 'yancin kai ana ta sababbin gine-gine, sai wata rana na ji gwangwanin Malam na ƙara tun daga nesa da sauri fiye da kullum. Ya shigo bai ko jingine keken da kyau ba. Ya ce an zaɓi zanensa na ɗakin haihuwa, za a gina irinsa sak a wasu garuruwa huɗu, shi kuma in aikin ya kankama za a tura shi Kaduna ƙaro ilmi, ya dawo da babban matsayi. Ya zaro takardar, ita ɗin dai, ta ɗan yi ja. Ya shimfiɗa, ya danne da kwanonina. Ya ce, "Yau ko idon na ciwo sai kin yi sallama."

Garuruwa huɗu, kowane da kasuwarsa da tsamiyarsa. Na san in na yi magana zan ɗora masa abin da nake ɗauke da shi, kuma zai san na ɓoye masa. Na durƙusa. Na ɗora yatsa a bayan ginin, ƙarƙashin siririn layi biyu na tagar sama. Na ce, "Salamu alaikum."

Ya yi dariya. "Lalle idon na ciwo. Nan ai ba ƙofa."

Na ce, "Na sani. Nan muka zauna."

Na gaya masa duka, tun daga gonar gero har kiran la'asar. Ban tsallake komai ba. Sannan na gaya masa ranar da Baba ya tsuguna, da abin da yatsata ta riga ta gani.

Ya ce, "Tun ranar?"

"Tun ranar."

"Na tambaye ki."

"Ka tambaye ni."

Bai ɗaga murya ba. Ya zauna yana kallon takardar har ɗiyar ta zo ta ɗauke kwano ɗaya, kusurwar ta naɗe kanta. Sannan ya tashi ya shiga sashen Baba, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Na ji muryarsa ƙasa ƙasa na tsawon lokaci. Sai na ji tsohon ya ce, "Kada ka ga laifin yarinya. Ni ma na duba takardar nan. Tun ina saurayi nake karkata ƙofar zaure don kada na waje ya hango matan mutane, aikina ke nan. Na tsaya kallon bakan gizo."

Malam ya mai da zanen Katsina da kansa, ya ce akwai kuskure. Aka ce masa abu ya sha hatimi, an yaba, ba wanda ya taɓa kawo kuka. Ya ce masu kukan ba sa zuwa ofis. Aka yi ta kai da kawo wata da watanni, a ƙarshe aka yarda ya gyara. Kafin nan lokacin tafiya Kaduna ya wuce, an tura wani. Ba a sake kiransa ba, shi ma bai nema ba. A Dutsin-Ma ya ƙare aikinsa, da keke da gwangwani.

Da rani ya yi suka tafi fasa bangon, shi da Baba da birkiloli biyu. Ya ce in zo in nuna wurin. An girbe gero, bayan ginin fili ne fetal sai kututture. Na je na dafa daidai inda ta jingina, ƙarƙashin tagar. Baba ya karɓi guduma daga hannun birkila, da tsufansa, shi ya fara bugu. Da bulo ya faɗa ciki, ƙura ta lafa, sai ga gadon ta cikin ramin. Na ƙirga da ido. Taki huɗu ne.

Baba ya ce ba za a bar ƙofar tsirara ba. Ya sa aka kwaɓa ƙasa, ya gina mata 'yar katanga mai lanƙwasa da tubali, irin ta shigifa, yadda mace za ta fito daga gona ta shige ba wanda ya gan ta. Kwana uku ya yi a kanta, kuma shi ne gininsa na ƙarshe. Da aka kafa ƙyaure ya juyo, karo na farko tun da aka kawo ni gidansu ya dube ni ido da ido. Ya ce, "Ɗiyata, shiga. Ke za ki fara."

Na taka har bakin ƙofar. Na ce, "Salamu alaikum." 'Yar Zariya ta amsa daga ciki. Ƙafata ta ƙi ɗagawa. Na daɗe a tsaye, ba wanda ya matsa mini, har na juya na koma gindin katangar na zauna. Ban taɓa shiga ta ƙofar nan ba.

Daga nan duk abin da Malam ya zana, asibiti ne, kotu ce, ko makaranta, sai ka ga wata ƙaramar ƙofa a baya da katangarta mai lanƙwasa. Birkiloli har suna masa tsiya, su ce ko masai aka ba shi sai ya yi masa ƙofa biyu. Yakan yi murmushi kawai. Bai sake aika takarda Katsina ba sai na bi ta da yatsa. Amma bai sake gyara murya ya ce masu gida na nan ba. In na yi sallama sai ya ce, "Duba da kyau," ya jira. In na gama ya ce, "Akwai saura?" In ce babu. Ya sake cewa, "Kin tabbata?" Mun zauna lafiya har Allah ya ɗauke shi, bai taɓa goranta mini ba, sai wannan tambaya ta biyu da ban taɓa jin ya tsallake ta ba.

An ce mini matan garin ta ƙofar bayan nan suke shiga har yanzu, sun ɗauka da ita aka gina wurin. Ɗiyar ta girma a hannuna, da wushirya irin ta uwarta. Na gaya mata komai da ta yi hankali, ta rungume ni ta ce ba laifina ba ne. Na gode mata.

Ita kuwa ƙanwata ba ta daina ba. Na tsufa, na bar daka, amma in ina tsintar shinkafa a faifai, gida ya yi tsit bayan azahar, sai in ji ta a gefen kunnena na hagu, inda ta zauna. Yanzu ina da abin da zan ce mata. Nakan ce, "Akwai. Ga ta nan bayanki, tashi mu shiga." Sai ta yi shiru kwana biyu, ta sake tambaya.